Ranar da Na Rama wa Ba'arena

A kwalejinmu ta Malanville ba a karatu ranar Laraba da yamma. Ɗalibai kan watse tun azahar, wasu kasuwa, wasu bakin kogi. Mu 'yan aji huɗu kaɗai muke komowa bayan la'asar, mu fito da bencina mu jera su ƙarƙashin wani babban icen bedi da ke bayan ofishin dirakta. A nan malaminmu na Faransanci yake koya mana yin magana a gaban jama'a. Ba darasin dole ba ne, ba a kuma ba da maki a kansa. Shi ya ƙago abinsa, mu kuwa muka riƙe shi hannu biyu, don ba mu da wani wurin da ake tambayarmu abin da muke gani.

Mushe muke ce masa, kamar yadda ake kiran kowane malamin boko a wajenmu. Mutumin kudu ne, daga can bakin teku aka turo shi. Gajere ne, mai tsafta, kullum da farin ƙyalle a hannu yana share gumi, domin zafinmu bai taɓa karɓarsa ba. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Dandanci, in ban da gaisuwa da abin da zai sayi tumatir da shi. Yakan ce mana lokacin da yake ɗalibi mutum bai isa ya buɗe baki ba, sai ya waiga hagu da dama. Yanzu ga zaɓe, ga rediyo, kowa na faɗin albarkacin bakinsa. "An ba ku baki," in ji shi, "saura ku iya amfani da shi."

Yadda yake koyarwar ba wuya. Akwai bulo biyu da aka ɗora a gindin bedin, a kansu mai magana yake tsayawa. Akwai gwangwanin tumatir cike da guntayen takardu a nannaɗe, kowace da batu ɗaya. Ka sa hannu ka ɗauko, a ba ka lokaci kaɗan ka yi tunani, sannan ka hau bulo ka yi minti uku, shi kuma yana duban agogonsa. Ba a riƙe takarda. Ba a kallon ƙasa. Ba a katse mai magana, ko da tari ne sai ka danne. Dokar da na fi so ita ce ta manyan motoci. Kwalejin tana kusa da babbar hanya, motocin kaya masu zuwa gada su ƙetare zuwa Nijar ba sa yankewa. Mushe ya ce in mota ta taho kada ka yi gasa da ita. Ka yi shiru, kanka a ɗage, idonka a kan mutane, har ta wuce, sannan ka ɗora daga inda ka tsaya.

Har yau in na rufe ido ina ganin waɗannan yammacin. Wata yarinya 'yar Garou ta taɓa ɗauko "albasa", ta yi mana bayanin yadda uwarta ke daka ganyen a dunƙula a shanya a kan tabarma, har muka ji kamar ƙamshin miya na tasowa daga bencina. Wani ɗan Guéné ya ɗauko "tsoro", ya ɓata minti biyu yana rantsuwa cewa shi bai san tsoro ba, sai ga ƙadangare ya faɗo daga reshe a kafaɗarsa. Ranar ko Mushe sai da ya toshe baki da ƙyallensa.

Ni kuwa aikina rubutu. Ina da wani littafi na musamman da nake zuba dokokin Mushe a ciki, kowace da lambarta, da jan layi a ƙarƙashi. Na san yadda ake buɗe jawabi, da yadda ake raba shi gida uku, da yadda ake rufe shi. In wani ya manta doka ni ake tambaya a raɗa. Amma da zarar na hau bulon nan, sai harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Daga ruga na fito, kusa da Madécali, inda yaro kan wuni bai yi magana da kowa ba sai shanu, in kuma babba na magana idonka na ƙasa. A gari ina zaune wurin Gwaggona, ƙanwar babana, wadda ke sayar da fura da nono a bakin kasuwa.

A ajinmu akwai wani yaro Ba'are. Ubansa ya ƙetaro kogi daga Nijar shekaru da dama, yana ɗinkin bakin buhunan albasa a kasuwa. Yaron dogo ne, mai faɗin baki, ba ya iya zama wuri ɗaya. Ranar da aka fara kai ni kwalejin ya ji Gwaggo tana yi mini Fillanci a bakin ƙofa. Bai san ni ba, ban san shi ba, sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi, na samu bawa! Kai ɗan Hillani, zo riƙe mini jaka."

Gwaggo ta yi dariya ta ce masa, "Wa ya kwance ka daga turke da sassahe haka?"

Tsakanin Fillani da Arawa akwai wasa tun kaka da kakanni. Duk inda Bafillace da Ba'are suka haɗu, ko ba su taɓa ganin juna ba, kowa zai ce ɗayan bawansa ne, a zagi juna son rai, a yi dariya a rabu. Wanda aka zaga ba ya fushi, ramawa yake yi. Kuma abin kunya ne babba ka cuci abokin wasanka, ko a cuce shi ta dalilinka. Duk na san wannan tun ina ƙarami. Ramawar ce ban iya ba. Shekara huɗu yana ce mini bawa, yana ce mini mai ƙafar sanda, yana tambayata ko na gaida ƙannena da ke cikin garke, ni kuwa sai murmushi. Amsa takan zo mini, mai daɗi ma, amma sai na kai gida na tuɓe takalmi. Shi kuma bai fasa ba. Shi ke goya ni a kekensa in rana ta yi zafi, yana tuƙi yana ƙorafin cewa duniya ta lalace, ubangiji na jan bawa.

Abin ya faru cikin bazara, saura 'yan makonni mu yi jarrabawar burbe, wadda ake fita aji huɗu da ita. Na sa hannu a gwangwani na ɗauko "kogi". Ba abin da na sani kamar kogi. Na san inda shanu ke shiga su sha, na san yadda ruwa ke sauya launi kafin ya cika, na san ranar da babana ya ƙetare da garke yana riƙe da wutsiyar bajimi. Na tsara komai a kaina, gida uku. Na hau bulo, na ɗaga kai, na ga idanu. Shi ke nan. Wata motar kaya ta taho, na gode wa Allah a zuci. Ta wuce, ƙararta ta mutu, ni ban ce uffan ba.

Sai Ba'arena ya ɗaga murya daga bencin baya, da Hausa: "Kai bawana, buɗe baki, ubangijinka ya yi maka izini! Ɗauka mu dut shanu ne!"

Wuri ya ɓarke da dariya. Ni ma na ji ƙirjina ya saki, har na ja numfashi zan fara. Mushe ya ɗaga hannu.

Da Faransanci ya ce masa, "Tashi. Me ka ce?"

"Ba komai, Mushe. Ƙarfafa shi nake yi."

"Faɗa mini da Faransanci. Kalma bayan kalma."

Ya faɗa, yana murmushi, bai rage komai ba. A Faransanci maganar ta fito tsirara, ba dariya a jikinta. Na ga fuskar Mushe ta sauya yadda ban taɓa gani ba. Daga baya ne muka ji cewa garinsu yana bakin gaɓar da aka riƙa loda mutane cikin jiragen ruwa a zamanin da, kuma a gidansu ba a furta kalmar nan da wasa. A ranar dai ba wanda ya sani. Ya juyo gare ni, ina nan tsaye kan bulo.

"Ya saba kiranka haka?"

"I, Mushe."

"Tun yaushe?"

"Tun aji ɗaya."

"Kai kana kiransa haka?"

"A'a, Mushe."

Duk abin da na faɗa gaskiya ne, kuma ban ƙara ko kalma ɗaya ba. An tambaye ni abu uku, na amsa uku, kamar a jarrabawa. 'Yan aji suka kama cewa wasa ne, Mushe, al'ada ce. Ya ce kowane mai cin zali haka yake faɗa. Ya naɗe ƙyallensa, ya ɗauki gwangwani, ya ce an tashi.

Kashegari ya kai ƙara a rubuce. Ba'arena yana da gargaɗi biyu a kansa tun da, ɗaya na surutu, ɗaya na dambe. Na uku kora ne. Aka ce ya zauna gida har ranar Asabar, ranar da malamai za su zauna su yanke hukunci. In aka kore shi, sunansa ya fita daga cikin masu jarrabawa, kuma ubansa ya riga ya ce in haka ta faru zai maida shi ƙauyensu ya kama noma.

Ranar Alhamis na dawo gida a ƙasa. Ban gaya wa Gwaggo komai ba, amma kasuwa ta riga ni. Na iske ta tana wanke ƙore, ba ta ɗago ba.

"Uban yaron nan ya zo shan hura yau," in ji ta.

Na ajiye jakata.

"Ya yi sallama. Ya sha. Ya ce na gode, Allah shi yi albarka. Ya tahi." Ta ajiye ƙwaryar da ƙarfi. "Shekara nawa mutumin ga na shan hurata, bai taɓa tashi bai ce nonona ruwan kogi ne ba. Yau shi ne da na gode. Ba'are ya yi mini godiya kamar baƙo, gaban mutane. Ina zan sa kaina?"

Na ce, "Gwaggo, ban yi masa ƙarya ba. Abin da aka tambaye ni na faɗa."

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Rowa ka yi. Shekara huɗu yaro na ba ka wasa, ba ka taɓa maida masa ko ɗaya ba. Kai ɗan wa? Ubanka in ya haɗu da Ba'are a mashaya sai shanu sun gaji da jira."

Ranar Juma'a na je wurin sarbeyan, wato malamin da ke kula da ladabin ɗalibai. Dattijo ne ɗan gari, Badande, kullum yana bakin ƙofa da bulalarsa da ba ya dukan kowa da ita. Na roƙe shi a bar ni in yi magana a zaman gobe. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai? Magana?" Amma ya yarda. Da na koma gida na zauna bayan ɗaki kusa da turken awaki na rubuta shafi huɗu da Faransanci. Gabatarwa, gida uku, kammalawa. Na bayyana asalin wasan yadda na ji a wurin tsofaffi, na kawo misalai, na duba kowace kalma a ƙamus. Na karanta wa awaki sau biyar kafin magariba.

Ranar Asabar da hantsi aka kira mu ofishin dirakta. Dirakta na bayan teburinsa, Mushe a gefe da wasu malamai biyu, sarbeyan a tsaye jikin taga. A kan benci kusa da ƙofa ga uban yaron, ya sa rigarsa ta Juma'a, basillar ɗinkin buhu na soke a hularsa, ya manta bai cire ba. Ba ya jin Faransanci, sai bin bakin mutane yake da ido. Ba'arena na tsaye tsakar ɗaki, an wanke masa kakinsa an goge, hannuwansa a baya, kansa a ƙasa.

Aka karanta ƙarar Mushe. Aka tambayi yaron, ya ce wasa yake yi, muryarsa ba ta fita sosai. Sannan dirakta ya ce in matso.

Na buɗe takarduna na fara karantawa. Ban ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Na gama gabatarwa, na shiga gida na farko, ina cikin shafi na biyu sarbeyan ya yi gyaran murya.

"Ranka shi daɗe," ya ce wa dirakta, "abin da yaron nan ya rubuta gaskiya ne, duk garin nan an san shi. Ni ma ina da waɗanda nake yi da su." Ya juyo gare ni. "Amma ni ke tsaye bakin ƙofa kullum. Shekara huɗu ina jin muryar wancan a kanka, ban taɓa jin taka a kansa ba. Wasan nan mutum biyu ke yin shi. In kai ba ka yi, ta yaya zan ce wa Mushe shi wasa yake?"

Na duba takarduna. Ba amsar wannan a ciki. Na juya shafi na uku, na juya na huɗu, kamar zan same ta a ɓoye. Dirakta ya jawo takardar hukunci gabansa ya cire murfin alƙalami.

Mushe ne ya miƙo hannu. Ba da faɗa ba, a hankali ya ce, "Ba ni takardun." Na ba shi. Ya ce, "In kana da magana, dubi wanda kake yi wa ita."

Na rasa wanda zan duba, sai na dubi Ba'arena. Tun da na san shi ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba sai ranar. Wuyansa ya yi tsawo cikin rigar da aka goge, yana kallon yatsun ƙafarsa. Wani abu ya taso mini, rabi tausayi rabi haushi, na ji bakina ya buɗe da Hausa.

"Kai, Ba'are, ɗaga kanka. Bawan banza. Ka san abin da ya sa na ƙyale ka shekara huɗu kana haushi? Ban samu mai saye ba. Har kasuwar Guéné na kai ka, dillali ya duba bakinka ya ce cinka ya hi aikinka, sai in na haɗa da akuya kahin a taya."

Ban san muryata na da ƙarfi haka ba. Yaron ya ɗago ya buɗe baki yana kallona. Kafin ya ce wani abu, ubansa ya buga cinya ya fashe da dariya har hularsa ta zame.

"La'ilaha illallahu! Ashe ɗan maraƙin ga na da haƙora! Kai ɗan Hillani, wa ya ba ka takalmi har kake tsayawa gaban manya?"

Na ce, "Baba, kai ma ina da saƙonka. Gwaggo ta ce ƙwaryar da ka lashe shekaranjiya ta huje, ka zo ka ɗinke mata tunda ga basilla a kanka."

Sarbeyan ya juya fuskarsa waje, kafaɗunsa na motsi. Dirakta ya ƙwanƙwasa tebur ya ce a nan ofis ne, ba kasuwa ba. Mushe bai yi dariya ba. Ya ce mini, "Faɗa mini da Faransanci. Kalma bayan kalma."

Na faɗa masa duka, har da akuyar, har da ƙwaryar, ina duban idonsa. Sannan na ƙara abin da ba a tambaye ni ba. Na ce laifin nawa ne. Na ce a wurinmu wanda aka yi wa wasan nan ya yi shiru shi ne ya yi rashin kirki, kuma in aka kori yaron nan saboda ni, Gwaggona ba za ta iya zama a bakin kasuwa ba, ni ma ba zan iya shiga ɗakin jarrabawa ba. Ban raba maganar gida uku ba. Ban san ma ko na kai minti uku ko na wuce ba.

Mushe ya daɗe yana juya takarduna a hannunsa. Can ya ce, "Ba na son kalmar nan, kuma ba zan so ta ba. Inda na fito ba a wasa da ita." Ya dubi uban yaron, wanda ke share hawayen dariya da bakin riga, ya sake dubana. Sannan ya ce wa dirakta ya janye ƙararsa, amma a gabansa kada wanda ya ƙara furta ta.

Dirakta ya maida murfin alƙalami. Ya ce babu kora. Amma katse mai magana laifi ne, zagin mutum a ofishin dirakta shi ma laifi ne, saboda haka mu biyun za mu share filin kwaleji kowace safiya har mako guda.

Mun share. Gaskiya ni na share, shi ya jingina da tsintsiya yana nuna mini inda na bari. Ya riƙe sharaɗin Mushe sosai: a cikin kwaleji bakinsa a tsare, sai mun taka waje da ƙofa ya sauke mini abin da ya tara tun safe. Ni kuma na fara maida masa, wata rana in ci, yawanci a cinye ni. Ubansa ya koma cewa nonon Gwaggo ruwan kogi ne.

Bayan shekarar nan hanyoyinmu sun rabu. Ni na wuce Kandi karatu, shi ya ƙetare gada, Mushe kuma aka maida shi kudu, ban ƙara jin labarinsa ba. Na so a ce na taɓa gaya masa cewa ya koyar da ni, ko da ba a kan bulonsa na nuna ba.

Ina tuna safiyar jarrabawar, muna tsaye a layi, kowa da katinsa a hannu, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Aka kira na Ba'arena. Ya amsa da ƙarfi har mai kiran ya ɗago kai. Zai shiga ɗaki ya waigo, ya duba ko Mushe na kusa, ya rage murya.

"In ka riga ni gamawa, ka jira bakin ƙohwa ka riƙe mini keke."

Na ce, "Shiga dai. In ka ga tambayar da ta hi ƙarhinka, rubuta sunan ubangijinka, a ji tausayinka."